Ɗakin gilashi a lambu: a tambayi rana kafin a zaɓi salo

Duk ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa, daga Ƙonni da Illela har zuwa Ɗan Issa da Jibiya da Maigatari, abu na farko da yake tunani bayan aikin Hajji shi ne gyaran gida. Wannan ba laifi ba ne, domin gida shi ne rufin asiri. To amma a cikin hotunan da ke yawo a wayoyi da kuma kundin masu aikin alminiyam, akwai wani gini da ke ɗaukar ido, wato ɗakin da ake liƙa wa gida ta ɓangaren lambu, bangonsa gilashi, rufinsa ma gilashi. Mai aiki zai buɗe maka hotuna ya ce: «Alhaji, wane salo kake so?» Ra'ayina shi ne, kafin a amsa wannan tambaya, ya kamata a san inda ginin ya fito da abin da ya sa aka ƙirƙiro shi.

Asalin wannan ɗaki ƙasashen sanyi ne, kuma tun farko ba don mutane aka yi shi ba, don itatuwa ne. Sarakunan Turai sun so lemo, alhali lemo ba ya jure hunturunsu. Shi ya sa a fadar Barsai ta Faransa, tsakanin 1684 da 1686, aka gina wa Sarki Luwi na 14 wani ƙaton ɗaki mai kaurin bango da dogayen tagogi masu kallon kudu, inda ake shigar da itatuwa fiye da dubu a cikin akwatuna idan sanyi ya kama. A Ingila kuwa gilashi kayan masu kuɗi ne, saboda gwamnati na karɓar haraji a kansa har zuwa 1845, tana kuma karɓar harajin taga daga 1696 zuwa 1851. Da aka soke waɗannan haraji sai gilashi ya yi sauƙi. A 1851 wani mai kula da lambu, Joseph Paxton, ya gina wa baje kolin duniya na Landan wani zaure na ƙarfe da gilashi mai tsawon sama da mita 560. Daga nan masu hali suka shiga kwaikwayo a gidajensu, har zuwa shekarun 1980 da 1990 lokacin da firam na roba ya sa matsakaicin ma'aikaci ma ya iya mallaka.

Salon da ake tallatawa duk daga wannan tarihi suka samo suna. Akwai salon Biktoriya, da sunan sarauniyar da ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901: gabansa mai kusurwa uku ko biyar ne, rufinsa mai tsini da ado a ƙololuwa. Yana da kyan gani, amma kusurwoyin suna cin wuri, ba a samun inda za a jera kujeru sosai. Akwai salon Edwad, da sunan ɗanta da ya gaje ta, wanda yake mai kusurwa huɗu kamar ɗakin da muka saba, saboda haka babu wurin da ke tafiya a banza. Akwai mai jingina, wanda rufinsa ke gangarowa daga bangon gida kamar rumfar shago, shi ne mafi sauƙin aiki da kuɗi. Sai kuma ɗakin lemo, mai ginshiƙan bulo da rufi na sosai, gilashi kaɗan ne kawai a tsakiyar rufin.

Abin lura shi ne, dukkansu aiki ɗaya aka gina su su yi: kama zafin rana su riƙe. Haske yana ratsa gilashi ya faɗa kan daɓe da kujeru, su ɗauki zafi, zafin kuma ya rasa hanyar fita. Duk direban da ya taɓa barin mota a rana da tagogi a rufe a tashar Maraɗi ya san wannan ba sai an karanta masa ba. Haka mai shagon da ya ga yadda man shafawa ke narkewa a cikin akwatin gilashi idan hantsi ya dubi kantinsa.

A Landan wannan zafi alheri ne. A watan Disamba yininsu bai cika awa 8 ba, rana kuma ba ta ɗagowa sama sosai, tana ratsawa ne ta gefe. Ko a tsakiyar bazararsu, yawanci zafi bai cika wuce digiri 24 ba. Mu kuwa a Maraɗi da Damagaram da Tawa, a watannin Afrilu da Mayu digiri 40 abin yau da kullum ne. Bugu da ƙari, sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana tana tsayawa daidai bisa kanmu da tsakar rana. Rufin gilashi a irin wannan wuri tanda ce aka gina da kuɗi masu yawa.

Su kansu mutanen Ingila sun fara kokawa. Ƙorafin da aka fi ji a can shi ne ɗakin ya yi zafi da bazara, ya yi sanyi da hunturu, har ta kai akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce cire rufin gilashi su maye shi da rufi na sosai. A ranar 19 ga Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 a Ingila karo na farko tun da aka fara aunawa, kuma a wannan shekarar ce dokar gini ta fara tilasta wa masu sababbin gidaje su yi tanadin hana zafi taruwa a ciki. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wani zai ce ai akwai na'urar sanyaya ɗaki. Gaskiya ne, amma ɗan kasuwa da lissafi aka san shi. Na'urar da za ta sanyaya ɗaki mai rufin gilashi sai ta yi aiki ninkin wadda ke ɗakin bulo, kuma kuɗin wuta ba ranar gini kaɗai ake biyansa ba, kowane wata ne. Sannan ba mu manta ba, a Agustan 2023 an yanke wutar da ke shigowa Nijar daga Najeriya, ba a maido ta ba sai a Maris na 2024. Ɗakin da ba ya zaunuwa sai da wuta, ranar da babu wuta ya zama kufai.

Akwai kuma abubuwa uku da hoto ba ya nunawa. Na ɗaya ƙurar hunturu: daga Disamba zuwa Fabrairu, wa zai riƙa hawa yana goge rufin gilashi kullum? Na biyu gyara. Gilashin da ya dace da rufi shi ne wanda aka gasa ko mai ninki biyu da roba a tsakiya, irin na mota, domin na gama-gari idan ya fashe yana zubowa kamar wuƙaƙe a kan yara. Shi kuma gasasshen gilashi ba a iya yanka shi bayan an gasa, sai dai a yi odarsa da awonsa. Mu da muka ga an rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, muka kuma ga an rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, mun san abin da jiran kaya yake nufi, balle a ce iskar damina ce ta fasa rufin. Na uku sutura. Gilashi mai duhu yana ɓoye na ciki da rana ne kawai. Da dare in an kunna fitila sai al'amarin ya juye, na waje ya ga iyalinka, kai ba ka ganinsa.

Ba cewa nake kada a yi ba. Wanda ke son wurin zama mai haske, yana kallon mangwaro da lemun tsami da zogalensa ba tare da sauro da ƙura sun dame shi ba, burinsa mai kyau ne. Shawarata ita ce ya bar salon Biktoriya ga masu shi, ya ɗauki tsarin mai jingina ko na ɗakin lemo, amma da sharuɗɗa. Rufi ya zama na sosai, da silin da sarari tsakaninsu don iska mai zafi ta fice. Gilashi ya tsaya a bango, kuma bangon kudu ko na arewa, tare da baranda mai faɗi da za ta yi masa inuwa. Gabas da yamma, musamman yamma inda ranar la'asar ke dukan gini kai tsaye, a toshe su da bulo ko a dasa dogon yaro. Tagogi su zama masu buɗewa ta ɓangarori biyu, da ragar sauro, da ƙananan kafofi a sama.

In an duba da kyau, wannan ba baƙon ilimi ba ne. Rumfa da zaure da soron da ke unguwar Birni a Damagaram duk a kan inuwa da iska aka gina su. Masallacin Yama na ƙasa, wanda magini Falke Barmu ya gina, ya ci kyautar Aga Khan ta duniya a 1986. A 2018 kuma, a garin Dandaji na jihar Tawa, ƴar Nijar mai zanen gine-gine Mariam Kamara ta tsara kasuwa da tubalin ƙasa da faifan ƙarfe masu launi da ke yi wa ƴan kasuwa inuwa kamar itatuwa. Gini ne na zamani, amma ya san ƙasar da yake tsaye a kai.

Ƴan uwa ƴan kasuwa, babu wanda zai sari rigunan sanyi a watan Afrilu don kawai ya ga sun yi kyau a hoto. Yadda muke tambayar lokaci da kasuwa kafin mu sari kaya, haka ya kamata mu tambayi magini: ina rana za ta faɗo da hantsi, ina za ta faɗo da la'asar, kuma ɗakin zai zaunu ranar da babu wuta? Idan ya kasa amsawa, a riƙe kuɗi tukuna. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Allah ya sa albarka a nema, ya ba mu ikon kashe abin da muka samu ta hanyar da za ta amfane mu da iyalanmu. Amin.