Jinjina Ga Gwanayen Kwando, Amma Da Sauran Rina A Kaba

Yabon gwani ya zama dole. A watan Agustan 2025, a birnin Abijan, matan Najeriya masu ƙwallon kwando, D'Tigress, suka doke Mali da ci 78 da 64, suka ɗaga kofin Afirka karo na biyar a jere tun daga 2017. Shekara guda kafin nan, a gasar Olamfik ta Faris, sun kayar da Ostareliya da Kanada, suka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta shiga sahun ƙasashe takwas na ƙarshe. Mai horar da su, Rena Wakama, ita ce mace ta farko da ta jagoranci tawaga ta ci wannan kofi, a Kigali a 2023. Sannunku da aiki, kun fitar da mu kunya.

Matan Mali ma sun cancanci gaisuwa, don su ne suka fi kusa da halinmu. Zafin rana ɗaya, ƙurar hunturu ɗaya, ƙarancin abin hannu ɗaya. Duk da haka sun ci kofin Afirka a Dakar a 2007, Hamchétou Maïga ta ɗauki kofin gasar ƙwararru ta Amurka, WNBA, tare da ƙungiyar Sacramento a 2005, Sika Koné kuma ta bi sawunta zuwa can. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ita ma ta kyauta da ta halatta rufe kai a fili a 2017, ta ɗauke wa iyaye Musulmi babban abin da ke sa su jinkiri.

To amma a nan Nijar, wace yarinya ce a Madawa, ko Buza, ko Keita ta ga waɗannan wasanni da idonta? A nan gizo ke saƙar. Gidajen kallonmu sun san Real Madrid da Barcelona, kuma maza ne ke cika bencinansu. Hanyoyin kallon wasan mata suna nan, sai dai kowace da ƙayarta. Courtside 1891 ta FIBA da WNBA League Pass na son kuɗin rajista da intanet mai ƙarfi. Gasar Amurka tana gudana daga Mayu zuwa Oktoba, daidai lokacin da hannu ke gona, kuma wasan da aka fara ƙarfe 7 na yamma a Niyok, 12 na dare ne a agogon Tawa. Mafi sauƙi ita ce tashar FIBA a YouTube, inda ake samun taƙaitattun wasanni da gasannin matasa kyauta.

Saboda haka aikin da ya rage namu ne duka. Masu gidajen kallo da ke da kwanon Canal+ ko StarTimes su riƙa duba jadawali, su keɓe yini guda ga mata da ƴan makaranta, da rana tsaka, ƙofa a buɗe. Malaman motsa jiki su sauke wasa ɗaya a waya inda intanet ke da kyau, su nuna wa ɗalibai da wutar farantin rana. Gidajen rediyon karkara su ba da sakamako da Hausa. Tashar talabijin ta ƙasa, Télé Sahel, ta nemi izinin nuna gasar mata ta Afirka, don ita ce ke shiga gidan da ba ya biyan kuɗin wata. Su kuma gwanayen da muke yabo, da hukumominsu, su tuna cewa kofin da talaka bai gani ba rabin nasara ne. A matsa a sauƙaƙa farashin kallo ga ƙasashenmu.

Gani ya kori ji, amma gani kaɗai ba ya jefa ƙwallo a kwando. Magadan gari su shimfiɗa fili ɗaya na siminti da sanduna biyu a kowace makarantar sakandare, iyaye su ba da izini. Matan Keita da suka ɗauki duwatsu a ka tun 1984 suka farfaɗo da ƙasar da hamada ta cinye ba su haifi raggaye ba. A nuna wa jikokinsu wasan, a ba su fili, sannan a tambaye su kofi.