Mai dasa ice a rana, mai sa hannu a inuwa

A 1975 aka fara jera dogon yaro a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, don tare iska. A 1984 aikin Keita ya kankama da kuɗin Italiya. Talakawan Adar, akasarinsu mata, su suka ɗauki duwatsu a ka, suka raya ƙasar da hamada ta soma lashewa.

To, yau wa ke yanke hukunci kan waɗannan itatuwa da filaye? Dokar karkara ta 1993 ta kafa hukumomin kula da filaye. Zaɓen 2004 ya ba ƙananan hukumomi irin Tabotaki majalisa da magajin gari, waɗanda talaka ke iya kayarwa da ƙuri'a. Dokar 30 ga Yuli 2020 ta amince cewa icen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne. Sai a Afrilun 2024 mahukuntan soja suka rusa majalisun, suka naɗa wakilai.

Wanda aka naɗa daga sama, sama yake kallo. Idan ɗan kasuwa ya nemi izinin gina shago, ko manomi ya nemi sassabe gawo, aka hana shi, gaban wa zai kai kuka?

Maganin ba shi da tsada. A liƙa farashin kowane izini a ƙofar ofis, a ba da takardar shaidar biya, a karanta hukuncin yanka filaye ranar kasuwa, kowa ya ji. Ma'aikaci mai gaskiya ba abin da zai rasa. Wanda ya ƙi, shi ya san abin da ya taka.