Kafin a cusa kuɓewa a kwalba

Tun makon jiya wani bidiyo ke yawo, na yadda ake jera ɗanyar kuɓewa a kwalba, a zuba mata ruwan khal da gishiri da kayan ƙamshi, a rufe ta yi watanni. Uwargida ma ta turo min shi har sau biyu, wai mu gwada bana. Kuma duk wadda ta gani tambayarta guda ce: wane kayan ƙamshi ake sawa?

Na san dalilin zumuɗin. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai albashi irina da biro yake lissafin cefane. Kuɓewa kuma kun san halinta. Da damina a Hunkuyi ko kasuwar Maƙarfi mai ita har roƙonka yake ka ɗauka, don in ta kwana biyu ta fara baƙi. Rani na tsalawa ta koma ta masu hali.

To amma jama'a, tambayar ce ba a yi daidai ba. Tafarnuwa, citta, masoro, kanumfari, busasshen barkono, duk a sa in ana so, aikinsu ɗanɗano ne. Abin da ke hana kuɓewar lalacewa tsami ne, sai gishiri ya taimaka. Ita kuɓewa ba ta da tsamin kanta. Shi ya sa masu wannan girki ke amfani da khal mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, ba sa barin ruwa ya fi shi yawa, kuma sai sun tafasa kwalbar. In tsamin ya gaza, akwai ƙwayar cutar da ke jin daɗin rufaffen wuri marar iska. Gubarta tana shanye jiki, tana iya kisa, kuma ba lallai warin abincin ya canza ba balle ki gane.

Ga inda tsorona yake. Hannun matanmu ya saba, in dai kuɓewa ce sai an ɗan jefa kanwa. Alhali me kanwa ke yi a miyar yakuwa? Kashe tsami. Wato duk wadda ta jefa kanwa a kwalbar nan, ta kashe mai gadin da kanta. Daddawa ma a bar ta sai a tukunya, don Allah.

Sannan mu tambayi kanmu, me za mu yi da ita? A jihohin kudancin ƙasar Amurka da suka shahara da wannan, ɗauka suke su gatsa kamar gurji, kuma tsamin rage mata yauƙi yake. Su gudun yauƙin suke, mu kuwa shi muke saye da kuɗinmu. Wa zai ci tuwon masara da miyar da ba ta ja?

Ni a ganina dabarar iyayenmu ta busarwa ta fi dacewa da tukunyarmu: ba kwalba, ba khal, ba jiran wuta. Matsalarmu inda muke shanyar ne. Ku bi hanya daga Tashar Yari zuwa Ikara lokacin shanya ku ga yadda kayan miya ke baje a ƙasa da gefen titi, ƙura da hayaƙin mota da awaki kowa na samun rabonsa. Bara na sayo garin kuɓewa kwano guda, ranar da surukina ya zo aka yi miyar. Loma ta farko na ji ƙaras a haƙorinsa. Bai ce komai ba, Allah ya saka masa, amma ni har yau ban manta ba.

Gyaran ba tsada. A zaɓi wadda ba ta ƙosa ba, a yanka siriri, a baza kan tabarma mai tsabta a saman wani abu mai tudu, a lulluɓe da raga. Ta bushe ƙayau kafin a adana a mazubi mai murfi, a riƙa daka ta kaɗan-kaɗan in za a yi miya. Wannan ya kamata malaman gona su riƙa nuna wa ƙungiyoyin mata a ƙauyukanmu, don mai tsabtatacciyar kuɓewa ba za ta rasa mai saye a Zariya ko Kano ba.

Uwargida dai mun daidaita. Kwalba ɗaya za ta gwada, ba kanwa, mu cinye cikin kwana biyu-uku. Sauran kwandon kuma gobe in Allah ya kai mu zai hau rufin ɗaki.