Ƙafar roba: Ko Kano za ta iya ƙera tata?

Ga mutumin da aka yanke wa ƙafa a arewacin Najeriya, babbar matsalar takan fara ne bayan an sallame shi daga asibiti.

Haɗarin mota, ciwon sukari, ɗorin karaya da ya lalace da kuma hare-haren bama-bamai na daga cikin abubuwan da ke jawo yanke ƙafa a yankin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa mutum ɗaya ne kawai cikin goma masu buƙatar irin waɗannan kayan taimako ke samunsu.

A Kano, Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa a 1959, shi ne inda akasari ake zuwa neman ƙafar roba. A 2016 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta fara tallafa wa wannan aiki a asibitin, kafin a buɗe wata cibiya a Maiduguri a 2020.

Darasi daga Indiya

A 1968, a birnin Jaipur na Indiya, wani likitan ƙashi, P.K. Sethi, da wani gwanin aikin hannu, Ram Chandra Sharma, suka ƙera ƙafa da roba da katako, wadda ke bai wa mutum damar tsugunawa, da tanƙwashe ƙafa, da tafiya ba takalmi.

Bayan shekaru arba'in, wasu ɗaliban Jami'ar Stanford ta Amurka, bisa jagorancin malamansu, suka ƙirƙiro gwiwar roba da kuɗinta bai wuce dala 20 ba. Mujallar Time ta sanya ta cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙire 50 na 2009.

Abin da ya sa aikin ɗaliban bai tsaya a aji ba shi ne, sun yi shi ne tare da wata ƙungiyar Jaipur mai sanya wa mabuƙata ƙafa kyauta, wadda ta gwada gwiwar a jikin marasa lafiya.

Me ya rage wa Kano?

Ta fuskar kayan aiki, Kano ba ta rasa ba. Akwai katako a kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa, akwai masana'antun roba da na jima a Sharada da Challawa da Bompai, sannan Jami'ar Bayero na yaye injiniyoyi duk shekara.

Sai dai ƙarancin wutar lantarki ya durƙusar da masana'antu da dama, kuma ƙafar roba aba ce da ake aunawa daidai da dungun kowane mutum, a riƙa gyarawa, yaro kuwa a sauya masa yayin da yake girma.

Haka kuma, ƙafar da za ta dace da mutumin Kano tilas ta jure zafi da ƙura, ta kuma ba shi damar yin sujada da zaman tahiya.

Ɗalibi shi kaɗai ba zai iya warware waɗannan ba. Muddin ba a haɗa shi da likitocin Dala da masu masana'antu ba, aikinsa zai ƙare ne a ɗakin ajiyar jami'a bayan ya karɓi sakamako.