Mu Je Baturiya Mu Ga Daji

'Yan'uwa manoma, a ƙasarmu ta Bichi da Dambatta da Kunci gona tana manne da gona. Yaro zai girma har ya yi aure bai taɓa shiga kurmi ba, sai gawo da ɗorawa da kuka da ke tsaye ɗai-ɗai cikin gonar ubansa. Saboda haka muna ganin ya kamata ƙungiyoyin manoma su tara kuɗin mota bayan kaka, su kai ziyara dajin Baturiya.

Baturiya tana ƙasar Haɗejiya, cikin Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma. Da can cikin Jihar Kano take, kafin a yanke Jigawa a 1991. Dajin ajiyayye ne na gwamnati, kuma a 2008 aka sa shi cikin jerin fadamun da duniya ta yarda a kiyaye. Idan Kogin Haɗejiya ya yi ambaliya, bagaruwa da giyayya sukan yi watanni gindinsu cikin ruwa, goruba kuwa tana kan tudu. Akwai ɗinya da kirinjijiya da zalɓe. Da sanyin hunturu agwagin daji sukan taso daga Turai, su ƙetare Sahara su sauka nan.

Wani zai ce, "Kallon tsuntsu aikin Bature ne, me zai ƙara wa rumbuna?" To, mu duba murhunmu. Daga cikin itacen da motoci ke saukewa a birnin Kano akwai wanda aka saro a fadamun Haɗejiya. Ruwan da ke raya dajin kuma daga Jiharmu yake gangarawa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ambaliya ta ragu, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Ba mu ce noman rani laifi ne ba, shinkafar Kura kowa yana ci. Amma wanda ya ga kututturan da gatari ya bari a can, da wuya ya dawo gida ya sare ƙaramin gawon da ya tsiro a gonarsa.

Lokacin zuwa shi ne Disamba zuwa Fabrairu. A nemi izinin ma'aikatan daji tukuna, a yi sammako, a tafi da yara. Sai dai a caje aljihunsu kafin a hau mota, kada wani ya ɓoye danko.