Raddi Ga Masu Jefa Kuskuren Ƙarya Don Su Fice Daga Zagaye

Wasu masu rubuta manhajar intanet da JavaScript suna koya wa na baya wata dabara: in kana cikin forEach ka sami abin da kake nema, ka ƙirƙiri kuskure da gangan, ka jefa shi da throw, catch ta cafke shi a waje, shi ke nan ka fita. Ban yarda da wannan koyarwa ba.

Hujjarsu ta farko ita ce forEach ba ta karɓar break, return kuma kira ɗaya yake yankewa, zagayen ya ci gaba. Haka ne. Sai dai abin da hakan ke nunawa shi ne tun farko ba forEach aikin yake buƙata ba. A ƙa'idar harshen ta 2009 da ta ƙunshi forEach akwai some, wadda take tsayawa da zarar sharaɗi ya cika. Ta 2015 ta zo da find da for...of, kuma wannan ta biyun tana karɓar break. Ko zagaye ne cikin zagaye, ana sa wa na waje laƙabi a fice da break guda.

Ta biyu, sun ce tunda catch za ta kama, ba wanda ya cutu. Nan ne ɓarnar take. Catch ta JavaScript ba ta tantancewa, duk abin da aka jefo tana rungumarsa. A ce ana duba jerin kayan da mai saye ya zaɓa, ɗaya ya zo babu farashi, TypeError ya tashi. Catch ɗin da aka girke don fita za ta haɗiye shi, shafi ya ci gaba kamar an gama lafiya, mai saye ya ga jimillar da ba daidai ba, rajistar kurakurai kuma fayau. Wanda ya saba ihun gobara don a buɗe masa ƙofa, ran da wuta ta kama ba mai fitowa da bokiti. In suka ce za su riƙa bincika nau'in kuskuren su sake jefa na gaske, to sun rubuta layuka da dama a wurin da kalma ɗaya ta isa.

Ta uku, suna kafa hujja da manya: Python na da StopIteration, redirect na Next.js ma jifa yake yi. To a duba abin da ya biyo baya. Daga sigar 3.7, Python tana mai da StopIteration da ya tsere daga cikin generator ya zama RuntimeError, saboda yana ɓoye kurakurai. Next.js kuwa sai da ta gargaɗi masu amfani da ita su kira redirect a wajen try. Masu tsohuwar ASP.NET sun sha irin wannan wahala da Response.End, wanda yake tayar da ThreadAbortException ya faɗa cikin catch ɗinsu.

Masu cewa sai da throw finally take gudana su gwada da kansu: a sa return ko break a cikin try, finally za ta rufe abin da aka buɗe kafin a fita.