Simba da Tsoro: Wane Lokaci Ne Yaro Ya Yi Hankali?

A ƙarshen makon jiya na tarar da 'ya'yana biyu suna gardama bayan sun sake kallon The Lion King, fim ɗin zane da kamfanin Disney na Amurka ya fitar a 1994. Babbar ta ce Simba bai yi hankali ba sai ranar da ya fara jin tsoro. Ƙaninta ya ce ai tsoron ne ya mai da shi rago. Suka nemi in raba gardama, na ce su ba ni mako guda. Malamin jami'a bai iya amsa a taƙaice ba.

Simba ɗan zaki ne mai rawar kai. Mahaifinsa, Sarki Mufasa, ya hane shi zuwa yankin da ke bayan iyakar ƙasarsu, amma baffansa Scar ya kwaɗaita masa maƙabartar giwaye. Ya zille wa Zazu, tsuntsun da aka sa ya kula da shi, ya ja ƙawarsa Nala suka faɗa hannun kuraye uku. Wannan ba jarumta ba ce, rashin sani ne. Yaro bai san wuta ba sai ta ƙone shi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne daren da ya biyo baya, inda Mufasa, wanda duk dawa ke shakka, ya shaida wa ɗansa cewa shi ma ya tsorata, domin ya zaci zai rasa shi. Tsoron Mufasa na wanda ya san darajar abin da ke hannunsa ne. Har nan 'yata tana da gaskiya.

Sai dai tsoron da ya kama Simba daga baya wani iri ne dabam. Bayan Scar ya kashe Mufasa, ya ɗora wa yaron laifin, Simba ya gudu ya zauna da Timon da Pumbaa yana cin ƙwari, ya girma a jiki, ƙasarsa kuwa tana bushewa a hannun kuraye. Mai kallo daga nesa zai ce ya natsu, ya daina shiga haɗari. Alhali ɓuya yake yi daga abin da ya faru, kuma wasu ne ke biyan kuɗin ɓuyar tasa. Ko a kashi na biyu na 1998, da ya zama uba, sai da ya sa Timon da Pumbaa su riƙa bin 'yarsa Kiara a ɓoye, har ta ji ba a yarda da ita ba.

A ganina, tsoro shi kaɗai ba ya nuna girma. Abin dubawa shi ne: don wa ake jin sa, kuma me ya sa mai shi ya aikata? Ina ganin haka a aji. Ɗalibin da ke sake duba hujjarsa kafin ya yi magana da wanda bai taɓa ɗaga hannu ba don kada a yi masa dariya, dukansu shiru suke yi, kuma mu malamai mukan yaba wa biyun da suna ɗaya, wai ladabi.

Na kai wa yaran wannan hukunci jiya da dare. Ƙaramin ya ce ashe dai shi ya ci gardama, babbar ta ce ban fahimci fim ɗin ba.